RUDOLF DIESEL, MUTUMIN DA YA ƘAGO INJIN GAS

A zangon karatun da ya wuce, muna dawowa daga wasan ƙwallo, muka tsaya a wani ƙauye mu sha ruwa. Da aka zo tashi sai babbar motar da muke ciki ta ƙi, alhali da safe bugu ɗaya ta kama. Direba ya duba batir, lafiya lau. Sai ya karɓi butar ruwan sanyi ya tsiyaya a kan famfon mai, ya ɗan dakata, ya murɗa makulli, sai ga mota ta tashi. Abin ya ɗaure mini kai, shi ya sa na shiga neman labarin wanda ya ƙago irin wannan inji.

Sunansa Rudolf Diesel, kuma daga sunan nan nasa aka samo kalmar dizal, wato man da muke ce wa gas. An haife shi a birnin Faris ran 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne masu ƙaramin ƙarfi, ubansa aikin fata yake yi. A shekarar 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka kore su, suka gudu Landan. Daga can aka tura yaron, yana ɗan shekara 12, wurin danginsu a garin Augsburg na ƙasar Jamus. Ya yi karatun injiniya a Munich, ya gama a 1880 da sakamako mafi kyau, bayan zazzaɓin taifot ya hana shi zaman jarrabawa tare da 'yan ajinsu.

Abin mamaki, aikinsa na fari na sanyi ne. Malaminsa Carl von Linde ya ɗauke shi aiki a masana'antar yin ƙanƙara a Faris. Amma hankalinsa yana kan wata ɓarna da ya ji labarinta a aji. Injin tururi na zamanin, in an zuba masa kwal, wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wutar kaɗai ke zama aiki, sauran duk ya bi iska. Diesel ya ɗaura aniyar gyara wannan. Ya fara gwada wani inji mai aiki da tururin amoniya, injin ya fashe, ya yi watanni yana jinya.

To, ga dabarar da ya faɗa a kanta daga baya. Duk wanda ya taɓa hura tayar keke ya san famfo yakan yi zafi a hannu, domin iska in an matse ta zafi take yi. Diesel ya ga cewa in fistin ya matse iska ƙwarai, zafinta zai haura digiri 500, sa'an nan in aka fesa mai a ciki zai kama da kansa. Shi ya sa har gobe injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Ya sami takardar mallakar dabarar a 1893, wata masana'anta a Augsburg da kamfanin Krupp suka tsaya masa da kuɗi. Shekara huɗu ana fama, sai a watan Fabrairu na 1897 injin ya ci jarrabawa, ya mai da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki. A bikin baje koli na Faris a 1900 har an tayar da irin injin da man gyaɗa, wannan dai gyaɗar da aka riƙa tara dalarta a Kano.

Ya yi suna, ya yi kuɗi, amma bai iya riƙon kuɗi ba. Ya zuba dukiyarsa a harkokin da ba su yi albarka ba, ga ciwon kai mai tsanani, ga masu jayayya cewa dabarar ba tasa ba ce. Ran 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp za shi Ingila. Ya ci abincin dare, ya tafi ɗakinsa wajen ƙarfe 10. Da gari ya waye ba a gan shi ba, gadonsa ko taɓa shi ba a yi ba. Bayan kwana 10 wasu ma'aikatan jirgi suka ga gawa a teku, suka ɗauki 'yan kayan aljihunta, ɗansa Eugen ya shaida na ubansa ne. Yana da shekara 55. Yawancin masu tarihi suna ganin shi ya jefa kansa saboda bashi, wasu kuma suna zargin an jefa shi ne.

Ya mutu bai ga injinsa a cikin motar ɗaukar kaya ba. Abin da ya gagare shi shi ne yadda za a cusa mai cikin iskar da aka riga aka matse. Shi da wata iskar mai ƙarfi yake hura man, kuma na'urar yin haka ta yi wa mota nauyi. Manyan motocin gas na farko sun fito wajen 1924, a 1927 kuma kamfanin Bosch ya fara ƙera ƙaramin famfon mai da yawa.

A wannan famfo ne motarmu ta sami matsala. Injin gas da sanyin safiya ya fi wuyar tashi, don ƙarfe mai sanyi yana shanye zafin iska. In kuwa aka ga akasin haka, ya tashi da sanyi ya ƙi da zafi, to makanikai sukan fara zargin famfo ya cinye. Mai in ya yi zafi yakan tsinke, sai ya riƙa zurarewa ta gefen ƙarafan da suka side, ƙarfin fesawa ya kasa. Ruwan sanyi yana sa man ya ɗan yi kauri, shi ke nan mota ta tashi. Wani lokaci kuma iska ce ta shiga bututun mai, ko sitata ce ke yin sanyin juyi in ta ɗau zafi. Tamu dai famfon ne, mako na gaba aka cire shi aka kai wa makaniki.