Harold Sheehan: Likitan Da Ya Gano Ciwon Mai Jego

Ban san sunan Harold Sheehan ba sai da aka kai goggona asibiti. Shekara 9 kafin nan ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata har ta suma. Allah ya yi da sauran kwana ta tashi, amma nono bai kawo ba, sai da madara aka raini yaron. Al'adarta ta ɗauke. Ga kasala, ga jin sanyi ko a tsakiyar bazara. Mutanen gida suka ce iska ce ta shige ta wajen wankan jego. Da likita ya gama gwaje-gwajensa sai ya rubuta sunan wani Bature a kan katinta, ni kuwa na shiga neman ko wane ne shi.

An haifi Harold Leeming Sheehan a shekarar 1900 a garin Carlisle da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa likita ne. Ya karanta aikin likita a Jami'ar Manchester, ya gama a 1921, ya koma gida yana duba marasa lafiya har kusan shekara 6. A 1927 ya koma Manchester yana koyar da ilimin binciken cututtuka, wato masu duba gawa da tsokar jiki don gano abin da ya yi kisa. Bayan ɗan zama a Amurka, a 1935 aka ba shi jagorancin bincike a babban asibitin haihuwa na Glasgow, a Sikotilan.

A nan ne aikinsa ya fito. Mata na mutuwa wajen haihuwa sosai a wancan zamani, shi kuwa aikinsa ne duba gawarwakinsu. Sai ya lura cewa a cikin waɗanda suka yi mummunar zubar jini, wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, yakan mutu. Girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, amma shi ne mai ba sauran ƙulle-ƙullen jiki umarni. Idan mace na da ciki yakan ƙara girma, yana shirin samar da nono, don haka yana buƙatar jini fiye da kullum. Da jini ya zuba da yawa sai ya rasa rabonsa, sashensa na gaba ya lalace. A 1937 Sheehan ya buga sakamakon bincikensa.

Mai karatu zai ce ina ruwan wannan da jin sanyin goggona? A gaban wuya akwai wani ƙulli, tairod, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Shi ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki, amma ba ya aiki sai saƙo ya zo masa daga fituwitari. Idan mai aiko saƙon ya mutu, tairod na nan lafiya lau, sai dai ya zauna shiru. Wuya ba zai kumbura ba balle a gani a yi zargi. Shi ya sa ake ɗaukar shekaru ba a gane ba. Mu ɗaliban harshe ya kamata mu lura: muna da kalmar maƙoƙo domin ido na ganinsa, wannan kuwa da ba a gani, sai aka jingina shi ga iska da sammu.

Gaskiya ba shi ne ya fara ganin abin ba. Gliński na ƙasar Poland ya yi bayaninsa a 1913, Simmonds na Jamus kuma a 1914. Abin da Sheehan ya ƙara shi ne nuna cewa zubar jini da faɗuwar ƙarfinsa su ne sanadi, ya kuma bi rayuwar matan da suka tsira. Likitocin lokacin sun ɗauka mai wannan ciwo dole ta rame ta zama ƙashi da rai. Sheehan ya yi ta musu a kan haka har ya nuna cewa yawancinsu ba sa ramewa. A ganina wannan gyaran ya fi komai amfani, domin goggona ma ba ta rame ba, shi ya sa wasu ke cewa son jiki ne kawai.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin likitan soja. A 1946 ya zama farfesa a Jami'ar Liverpool, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1965. Ya rasu a 1988.

Ƙullin da ya mutu ba ya dawowa, amma ana maye gurbin sinadaran da ƙwayoyin magani, a sha har ƙarshen rayuwa. Likitoci kan fara da na ƙullin saman ƙoda kafin na tairod, don idan aka juya tsarin yana iya jefa marar lafiya cikin haɗari. Goggona tana shan nata kowace safiya. Wata 3 da farawa ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli.