Hanri Dunant, Mai Raba wa Kowa Aikinsa

An haifi Hanri Dunant a birnin Jeniba, cikin ƙasar Suwizalan, ran 8 ga watan Mayu, 1828. Iyayensa masu ibada ne, masu kula da marayu da 'yan kurkuku. Shi ma tun yana saurayi ya kan ziyarci marasa lafiya, ya kan kuma tara samari domin karatun Littafi Mai Tsarki. Bai koyi aikin likita ba, ɗan kasuwa ne.

Kasuwanci ne ya kai shi Italiya a 1859, gama yana neman ganin Sarkin Faransa, Napoleon na Uku, a kan zancen gonakinsa na Aljeriya. Ran 24 ga Yuni sojojin Faransa da na Sardiniya suka kara da na Ostiriya a Solferino. Kafin gari ya waye, wajen mutum 40,000 sun mutu ko sun ji rauni. Likitocin soja kuwa kaɗan ne ƙwarai. Aka yi ta kwasar dubban masu rauni zuwa wani gari kusa, wai shi Kastiliyone, aka kwantar da su a masujadai da gidaje da bakin hanya, ga ƙishirwa, ga ƙudaje.

To, sai mu lura da abin da baƙon nan ya yi. Ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sabo da haka ya raba wa kowa aikin da zai iya. Matan gari suka riƙa wanke raunuka suna ɗaurewa, yara suna ɗebo ruwa. Ya aiki mai tuƙa masa keken doki birnin Bireshiya ya sayo ƙyalle da soso da lemo da sukari. Shi da kansa ya kan rubuta wa iyalan masu mutuwa saƙonsu na ƙarshe. Ya kuma roƙa a saki likitocin Ostiriya da aka kama, domin su kama aiki. Ba a bambanta aboki da abokin gaba ba.

Duk da haka mutane da yawa sun mutu, waɗansu masu taimako kuma suka karaya suka janye. Dunant ya gane tausayi kaɗai bai isa ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A 1862 ya buga littafi, ya ba da shawara kowace ƙasa ta horar da masu agaji tun lokacin salama. A 1863 su biyar suka kafa kwamiti: shi, da Janar Dufour, da lauya Moynier, da likitoci biyu, Appia da Maunoir. Asalin Ƙungiyar Red Cross ke nan. A 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu a Yarjejeniyar Jeniba, cewa kada a taɓa masu rauni da masu jinyarsu.

A 1867 kasuwancinsa ya karye, aka fitar da shi daga kwamitin, ya yi shekaru cikin talauci. Amma aikin bai tsaya ba, domin ba a kansa kaɗai ya gina shi ba. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya, ta fari, tare da Frederik Passy. Ya rasu a garin Haiden ran 30 ga Oktoba, 1910.

Mu tattauna: In hatsari ya auku a garinmu yau, wa zai raba aiki? Wa a cikinmu ya iya tsai da jini? Wane shiri ya kamata mu yi tun yanzu?