Léon Lapeyssonnie, likitan da ya zana taswirar sanƙarau

Duk shekara, da zarar ƙurar hunturu ta lulluɓe kasuwar Wadata da tashar motocinta, ma'aikatan lafiya a Yamai sukan ɗaura ɗamara, don sun san lokacin sanƙarau ya ƙarato. Mutumin da ya fara tattara wannan sani a rubuce, da alƙaluma da taswira, shi ne Léon Lapeyssonnie, likitan soja ɗan ƙasar Faransa.

An haife shi a birnin Montpellier a 1915. Ya yi karatu a makarantar likitocin soja ta Lyon, sannan ya wuce makarantar Pharo da ke Marseille, inda ake koyar da cututtukan ƙasashe masu zafi. A 1942 aka turo shi Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, domin yaƙi da ciwon barci. A can ya saba da tsarin likita Eugène Jamot: ba a jiran maras lafiya ya zo, ƙauye-ƙauye ake bi, a duba kowa, a rubuta adadi. Da wannan tarbiyya ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa.

A farkon shekarun 1960 ya zo Nijar ana tsakiyar fama da sanƙarau. Magani akwai shi, amma sai an riƙa maimaita shi kwana da kwanaki, ga malaman asibiti ƴan ƙalilan, ga ƙauyuka nesa da juna. Shi da abokan aikinsa suka gwada wani nau'in maganin sulfamid mai daɗewa a jiki, suka nuna cewa allura ɗaya tana iya ceton rai. Ga mai jinya a karkara, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A 1963 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta buga dogon rahotonsa kan sanƙarau a Afirka. Ya bi bayanan annoba na shekaru masu yawa, ya gano cewa cutar tana da mazauni da kuma lokaci. Mazauninta wani zirin ƙasa ne tsakanin Sahara da kurmi, inda ruwan sama na shekara ke kamawa daga milimita 300 zuwa 1,100. Takan kunno kai da rani, ta tsananta da bazara, ta lafa da faɗuwar damina, sannan bayan ƴan shekaru ta dawo da babbar annoba. A yau OMS na lissafa ƙasashe 26 a wannan yanki, daga Sanagal zuwa Habasha, kuma Nijar na tsakiyarsa.

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 ƙwayar cutar ta fara bijire wa sulfamid, sai Lapeyssonnie ya mayar da hankali ga rigakafi. Masanin kimiyya Emil Gotschlich ya samo hanyar haɗa allurar a Amurka, Charles Mérieux mai kamfanin magunguna a Lyon ya ɗauki nauyin sarrafa ta. Lapeyssonnie ya zama gada tsakanin masana'anta da jama'a: ina annoba za ta ɓulla, wa za a yi wa allura, yaya za a ƙidaya waɗanda suka kamu bayan nan. Gwaje-gwajen da aka yi a Masar da Sudan a farkon shekarun 1970 sun tabbatar allurar tana kare mutum daga nau'in A. Da annoba ta afka wa Brazil a 1974, kamfanin Mérieux ya samar da allurar da aka yi wa mutum kusan miliyan 90.

Sai dai wannan allura ba ta kare ƙananan yara sosai, kuma ƙarfinta na gushewa bayan ƴan shekaru. A 1996 da 1997 sanƙarau ya kama mutum kusan 250,000 a Afirka, ya hallaka kimanin 25,000. Lapeyssonnie ya ga wannan da ransa. Ya ƙare shekarunsa yana rubuta littattafai, ciki har da na tarihin Jamot da wanda ya kare aikin likitocin zamanin mulkin mallaka. Ya rasu a 2001.

A 2010 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fara amfani da sabuwar allura, MenAfriVac, wadda ta karya lagon nau'in A. Amma a 2015 nau'in C ya ɓarke a Yamai, har gwamnati ta rufe makarantu. Cibiyar bincike ta CERMES da ke birnin tana ci gaba da gwada samfura daga sassan ƙasa don gane nau'in da ke yawo. Aikin da Lapeyssonnie ya bari ke nan: a ƙidaya da wuri, a shirya kafin zafi ya yi tsanani. A gida kuwa, yaron da ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, a garzaya da shi asibiti ranar, kada a kwana.