Janar Seyni Kunce (1931-1987): Hatsin Taimako da Gumin Talaka

Iyayenmu dattawa, da ƴan'uwa mazauna Arlit da Akokan da Cirozerin da Agadas, da waɗanda ke gida.

Tun ran 31 ga Maris 2021 da anka rufe mahaƙar COMINAK, magana guda ke yawo cikin tarukanmu. Waɗansu na cewa gwamnati da kampani su ya kamata su ɗauki mutum in ya faɗi, tun da arzikin ƙasarmu anka haƙa. Waɗansu kuwa na cewa taimako na kashe zuciya, kowa shi ci guminshi. In gardama ta yi zafi sai a jawo sunan Kunce, kuma kowane ɓangare na ganin Kunce nashi ne. Don haka munka ga ya dace mu kawo tarihinshi cikin wagga takarda. Mu masu rubutu bayan rasuwarshi anka haife mu. Ku dattawa da idonku kunka ga zamanin, ku ne alƙalai.

ASALINSHI

An haifi Seyni Kunce ran 1 ga Yuli 1931 a Fandu, cikin ƙasar Filinge. Bazabarme ne, ɗan gidan sarauta. Bayan lakwal ta farko anka kai shi makarantar ɗiyan soji ta Kati, cikin Mali ta yanzu, daga can kuma sai San-Luwi ta Senegal. A 1949 ya shiga sojan Faransa. Ya yi yaƙin Indoshin, ya yi na Aljeriya, ya yi karatun hafsa a Faransa. Nijar ta samu mulkin kai a 1960, shi kuwa ya shigo sojan ƙasa a 1961. Ya yi ta hawa daki-daki, har ya zama shugaban hafsoshin soji a 1973. Tun shina yaro horon bariki ya sani: a tashi kan lokaci, a yi abin da anka ce. Wanga hali bai bar shi ba har mutuwa.

YUNWA DA JUYIN MULKI

Daga 1968 zuwa 1974 fari ya auka ma ƙasashen Sahel. Rumbuna sunka ƙare, bisashe sunka mutu. Buzaye da Fulani na Ayar da Azawak, mutanen da ba su taɓa roƙo ba, sunka taru bakin garuruwa suna jiran mudu. Har kusa da Yamai, a Lazare, an yi babban zangon masu gudun yunwa. Ƙasashen waje sun aiko da cimaka, kuma tun 1970 akwai ma'aikatar OPVN mai kula da hatsin ƙasa. Amma taimakon bai isa ga mabukata yadda ya kamata ba. An zargi waɗansu manyan gwamnatin Jori Hamani da ɓoye hatsi suna saidawa da tsada.

Daren 15 ga Afrilu 1974 soji sunka kifar da Jori. An zubar da jini, har uwargidanshi Aisa ta rasa ranta. Kunce, shina laftanan-kanal, ya zama shugaban majalisar ƙoli ta soji, watau CMS. Aikin farko da sabuwar gwamnati ta sa gaba shi ne cimaka. An buɗe wuraren rabon hatsi a Damagaram da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Gigimi, motocin soji sunka shiga karkara, anka raba ma manoma irin shuka.

To masu cewa taimako na kashe zuciya, ku duba nan. Ran da yunwa ta kai ga wuya, ba a tsaya tambayar mutum ko raggo ne ko mai himma ba. An ba shi ya ci tukuna. Manomin da ya yi noma uku ruwa ya ƙi zuwa, ba laifinshi ba ne. Makiyayin da garkenshi ya mutu gaban idonshi, ba lalaci ya kashe shi ba.

KUƊIN URANIYOM

Kunce ya zo a kan sa'a. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fid da uraniyom a Arlit a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a Akuta a 1978. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, Turawa sunka juya ga wutar nukiliya, uraniyom ya yi tsada ƙwarai. A 1981 Nijar ta fid da fiye da tan 4,000. Wajen kashi uku cikin huɗu na abin da ƙasa ke saidawa waje, daga ramukan nan biyu shike fitowa.

Da wanga kuɗi anka yi abubuwan da dattawa ke tunawa. An soke kuɗin kai, lanhon da ya sa magidanta da yawa gudu daga gida. An ƙara albashi. An gina lakwal da gidajen likita da rijiyoyi. An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, hanyar da mafi yawanmu munka biyo. An kafa SONICHAR a 1975, tana haƙar gawayi a Anu Araren, kuma daga 1981 ta fara ba mahaƙu da Agadas wuta.

A Arlit da Akokan ma'aikacin kampani ya samu abin da ubanshi bai taɓa mafarki ba: gida, ruwan famfo, wuta, likita kyauta, kantin kampani. Sunanshi na cikin asusun CNSS, wanda ke nan tun 1965, mai biyan kuɗin iyali da na haɗarin aiki da na tsufa. Amma ba kowa ya shiga wagga inuwa ba. Bayan gidajen kampani akwai Bukkoki, inda magina da ƴan dako da masu tireda da masu jiran aiki sunka kafa ɗakunansu. Asibitin kampani kan karɓe su, amma ba su da albashi, ba su da takardar Kes. Mutanen garinmu da yawa nan sunka sauka, kuma ɗan'uwa ne ya riƙe ɗan'uwa.

KOWA DA NASHI NAUYI

Masu cewa gwamnati ta ɗauki komi, ku ma ku duba. Kunce bai yarda mutum shi zauna shina jiran rabo ba. Ya rayar da samariya, kowane gari da sarkin samarinshi. Samari da ƴan mata sun yi tubali sun gina azuzuwa, sun share gari, sun shuka itace, sun yi gayya. A 1979 anka fara shirya tsarin da anka sa ma suna Société de développement, watau jama'a ta ɗauki aikin ci gabanta da kanta, tun daga ƙauye har Yamai, bisa ginshiƙi biyu: samariya da ƙungiyoyin manoma.

Bai tsaya ga talaka ba. Ya kan faɗa ma'aikata ko asibiti ba sanarwa, wanda ya makara ko ya bar aiki ya gamu da fushinshi. Wanda anka kama da cin kuɗin gwamnati ya sha kaso. Abin da ya sa talaka ya yarda ya ba da guminshi ke nan: ya ga ana tambayar babba kamar yadda ake tambayar ƙarami.

RANA TA JUYA

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1979 an yi haɗari a wata tashar nukiliya ta Amurka, ƙasashe sunka ja baya, farashin uraniyom ya faɗi. Nijar kuwa ta riga ta ci bashi bisa zaton kuɗi za su ci gaba da zuwa. A 1983 tilas ta shiga yarjejeniya da asusun lamuni na duniya, FMI. Aka tsuke bakin aljihu, ayyuka sunka tsaya, daga baya mahaƙu ma sunka rage ma'aikata.

Sai ga farin 1984. Najeriya ta rufe iyakarta cikin wannan shekara, hatsi ya daina shigowa, shi ya sa mutane sunka sa ma yunwar suna El Buhari. Wannan karon baitulmali ba shi da ƙarfin da. Kunce ya nemi taimakon duniya, an raba cimaka, amma ya matsa ƙwarai bisa noman rani. Duk inda akwai tabki ko fadama ko ruwa kusa, an kafa garake, an gina rijiyoyi, an ba da iri. Mutanen da ba su saba ba sunka koyi dasa kabeji da salati da dankalin turawa da tumatir. Cikin watan Mayu 1984 an yi babban taro a Maraɗi bisa yaƙi da hamada. A shekarar kuma anka fara aikin Keita cikin Adar, da taimakon Italiya da hukumar FAO. Can ana aiki a biya mutum da cimaka. Mata ne mafi yawan ma'aikatan, don maza sun tafi biɗa. Da hannu sunka ɗauki duwatsu, sunka tare ruwa, sunka mai da fako gona.

A ganinmu nan ne hannu biyu sunka haɗu. An ba mutum abin da zai ci yau, shi kuma ya yi aikin da zai ci da shi baɗi.

ABIN DA BA A SON FAƊI

Gaskiya ɗaci gare ta, amma tarihin da anka rage rabinshi ba shi da amfani. Zamanin Kunce babu jam'iyya, babu zaɓe, babu mai cewa a'a. Jori ya yi shekaru a tsare. Jibo Bakari, wanda ya dawo gida a 1974, an kama shi a 1975, ya yi shekaru cikin kaso. Bayan yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an harbe mutane. Ƴan leƙen asiri sun cika gari, har mutum na tsoron maƙwabcinshi. Bonkano, na hannun damanshi, ya tara dukiya mai yawa ƙarƙashin inuwarshi, kuma shi ne ya nemi kifar da shi a Oktoba 1983, ya tsere waje. A arewa Buzaye da yawa da fari ya kora Aljeriya da Libiya sun ga ba a yi da su, ga arziki na fita daga ƙasarsu. Bayan harin Cintabaraden na 1985 zargi ya ƙaru a kansu, kuma wutar da ta tashi daga 1990 tana da saiwa cikin waɗannan shekaru.

Aikin samariya ma, sau da yawa tsoro ne ya fid da mutane, ba son rai ba. Ƙungiyoyin manoma daga bisa anka ɗora su. Shi ya sa da mai sanda ya kau, yawancinsu sunka watse. Garaken da mutane sunka ga riba cikinsu kaɗai sunka rayu.

RASUWARSHI

Ciwo ya kama shi a ƙwaƙwalwa, ya yi ta zuwa Faransa magani. A Yuni 1987 anka yi ƙuri'ar amincewa da kundin da ya shirya ma ƙasa, Charte nationale. Ran 10 ga Nuwamba 1987 ya rasu a wani asibiti na Pari, shina da shekara 56. An rufe shi a Fandu. Ali Shaibu ya gaje shi. Babban filin wasa na Yamai sunanshi gare shi.

DARASI GA ƘUNGIYARMU

Ƴan'uwa, ɓangarorin nan biyu kowane na da rabin gaskiya, kuma rabi ba ya tuƙa tuwo.

Na ɗaya: wanda ya faɗi ba da laifinshi ba, hakkinshi ne a ɗaga shi. Tsoho da maraya da gwauruwa mai ɗiya da wanda ciwo ya kwantar, ba a ce musu su biya. Ma'aikacin da anka cire ma kuɗi kowane wata don CNSS, in ya nemi kuɗin tsufanshi ba bara yake ba, nashi ne. Kowa shi adana takardunshi na aiki, shi bincika ko ana zuba mashi. Wanda bai iya karatu ba shi zo, mu malaman lakwal mu duba mashi.

Na biyu: rumbun wani ba ya ɗorewa. Uraniyom ya ɗaga Nijar, ya sake ta cikin shekara goma. COMINAK ta yi shekara 43 tana fid da ƙarfe, ran da ta rufe wajen ma'aikata 600 sunka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila waɗanda ba su da gatan ma'aikatan kampani. A Yuni 2025 gwamnati ta ba da sanarwar mai da SOMAÏR hannun ƙasa. Ko wa ke riƙe da rami, wata rana rami na ƙarewa. Mai albashi yau shi tuna da gona, shi sai tunkiya, shi sa ɗiyanshi lakwal, mace da namiji. Samarinmu da ke zuwa haƙar zinari a Jado da Cibarkaten tun 2014, maganar ta fi shafarsu, don su ba su da Kes ko kaɗan.

Na uku: mai ƙarfi a jika in ya karɓi taimako, shi ɗauke shi kamar iri. Wanda ya ɗauki hatsi cikin rumbun tsimi da bazara, shi maido da kaka. Wanda asusun ƙungiya ya ranta ma kuɗin mota ko jari, shi biya, don na bayanshi shi samu. Wanda ke da hali bai zuba kuɗin wata ba, shi sani bakin maraya ya ƙwace ma loma.

Na huɗu ya shafi shugabanni. Abin da ya kada gwamnati a 1974 shi ne hatsin taimako da ya ɓace tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Ma'aji shi karanta lissafi gaban kowa a kowane taro, abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan aikin da anka yi. Mu ba mu da soji, ba mu da kaso, kuma ba mu son su. Amana da kunyar juna su ne sandarmu, kuma mun ga aikin tsoro tare da mai shi yake mutuwa.

Allah shi jiƙan Seyni Kunce, shi gafarta mashi kurakuranshi. Allah shi jiƙan waɗanda yunwa ta kashe, da waɗanda sunka rasa ransu cikin mulkinshi, da ƴan'uwanmu da anka rufe a Arlit da Akokan nesa da gida. Allah shi ba mu damina mai albarka. Wanda ya karanta wagga takarda shi karanta ma wanda bai iya ba.

Wassalamu.