Vivien Thomas: Kafintan Da Ya Koyar Da Likitoci Fiɗar Zuciya

An haifi Vivien Thomas a Jihar Luwisiyana ta ƙasar Amurka ranar 29 ga Agusta, 1910. Baƙar fata ne, ɗan kafinta. A birnin Nashbil ya tashi, ya gama sakandare a 1929 da burin zama likita. Yana aikin katako yana tara kuɗin makaranta sai tattalin arzikin ƙasar ya karye, bankin da yake ajiya ya rushe da guminsa.

A 1930 wani likitan fiɗa, Alfred Blalock, ya ɗauke shi aiki a ɗakin bincike na Jami'ar Vanderbilt, a kan albashin mai shara. A zamanin, masana da dama na ganin wani dafi irin sinadarin histamin, wanda naman da ya ji rauni ke fitarwa, shi ke sa jinin majiyyaci ya yi ƙasa har rai ya salwanta. Gwaje-gwajensu suka nuna asarar jini da ruwan jiki ce sanadi. Wannan sani ya ceci sojoji masu yawa a Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1941 suka koma asibitin Johns Hopkins a Baltimo. Can likitar yara, Helen Taussig, ta kawo musu matsalar jariran da ake haifa da naƙasar zuciya, waɗanda jini ba ya isa huhunsu sosai, har leɓunansu su yi shuɗi. Thomas ya gwada mafita a jikin karnuka wajen 200: a karkato jijiyar da ke kai jini hannu, a ɗinke ta da mai kai jini huhu. Har kayan aikin shi ya ƙera wasu. Ranar 29 ga Nuwamba, 1944, Blalock ya yi wa wata yarinya 'yar wata 15 aikin, Thomas na tsaye kan ɗan benci a bayansa yana nuna masa inda zai sa allura.

Rahoton da aka buga a 1945 bai ambaci sunansa ba. Bai fasa ba, ya yi shekaru yana horar da matasan likitoci, ciki har da Denton Cooley. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 1985.

Har gobe ana yi wa jarirai wani salo na wannan aiki, kuma likitoci da yawa yanzu sukan haɗa sunansa da na Blalock da Taussig in za su ambace shi.