GURGUN DA YA TASHI YA YI GUDU

Ya kai mai karatu, ko kana Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kebbe, ko wani ƙauye na kewayensu, ka san aikin wuta lokacin hunturu. Ka ga yadda tartsatsi guda ya kan faɗa cikin danga, kafin a ɗebo ruwa rumbu ya tafi da hatsin shekara. Wataƙila kuma ka san wani da wuta ta ƙone shi yana yaro, har yau tabon yana jikinsa. Labarin da za mu ba ka na yaro ne irin wannan. Mun rubuta shi dominka, kai da ka soma bin Yesu Kristi ba da daɗewa ba, da kai kuma da ka ke tsaye bakin ƙofa kana tambaya. Ka karanta shi a hankali, gama akwai rabonka a ciki.

Sunan yaron Glenn Cunningham. An haife shi ran 4 ga Agusta, 1909, cikin jihar Kansas ta ƙasar Amurka. Iyayensa talakawa ne, mutanen karkara, masu 'ya'ya da yawa. Ƙasarsu fili ce shimfiɗaɗɗiya mai iska, sanyinta kuwa ya fi na hunturunmu nesa, har ruwa ya kan daskare. Saboda haka a makarantar ƙauyensu akwai murhun ƙarfe cikin ɗakin karatu, yaran da suka riga zuwa su ne su kan hura wuta domin ɗaki ya yi ɗumi kafin malami ya iso.

Wata safiya cikin shekara ta 1917, Glenn da wansa Floyd suka tafi hura wutan nan. Akwai gwangwani da a kan ajiye kananzir a ciki, amma ran nan fetur ne a cikinsa, yaran ba su sani ba. Da aka zuba shi a murhu sai wuta ta tashi gaba ɗaya ta kama su. Floyd yana da shekara 13, ƙunar ta zama ajalinsa. Glenn ya rayu, amma naman gwiwoyinsa da na ƙwaurinsa ya ƙone, ƙafarsa ta hagu kuma ta lalace ƙwarai.

Bari mu tsaya kaɗan a nan domin amfanin gidanka. Kada ka hura wuta da fetur, kada kuma ka zuba shi cikin kwalbar kananzir. In wuta ta ƙone wani, a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har kamar minti ashirin, kada a shafa mai ko toka ko kashin shanu, sa'an nan a kai shi asibiti. Jikinka ajiyar Allah ce, kiyaye shi yana cikin halin mai bi.

Da likitoci suka duba ƙafafun Glenn, suka ba da shawara a yanke su, domin suna tsoron ruɓa ta hau jiki ta kashe shi. Yaron ya ƙi da kuka mai tsanani, iyayensa kuma ba su yarda ba. Likitoci suka bar ƙafafun, amma ba su sa rai zai ƙara tafiya kamar sauran mutane ba. Ka duba halin gidan nan: ɗa guda yana kabari, ɗaya yana kwance, kuɗi babu.

Ƙuna mai zurfi in ta warke, fatar da ta tsiro ta kan taƙure ta yi tauri kamar ƙirgin da ya sha rana, har gaɓa ta ƙi miƙewa. Maganin wannan shi ne a riƙa murza wurin, ana miƙe gaɓar kowace rana, abin kuwa da zafi. Uwar Glenn ta ɗauki wannan aiki. Kullum ta kan zauna ta murza ƙafafun ɗanta, yana jin zafi, ita ma zuciyarta tana ƙuna, ba ta fasa ba. In ta gaji ubansa ya karɓa, daga baya yaron ya koyi yi da kansa. Aka yi watanni ba a ga wani abin kirki ba. Sai da aka yi wajen shekara biyu, cikin 1919, kana ya soma taka ƙasa.

Ko da ya soma, ba tafiyar kirki ba ce. Ya kan dafa shinge yana jan jiki, ya faɗi, ya tashi. Ya kan kama wutsiyar alfadari ko ta saniya, dabbar tana tafiya tana jansa, ƙafafunsa suna koyon bin ƙasa. Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Ana nan sai ya gane wani abin mamaki, watau in ya yi gudu zafin ƙafafunsa bai kai na sa'ad da ya ke tafiya ba. Tun daga ran nan duk inda aka aike shi da gudu ya ke zuwa. Yana wajen shekara 12 ya tsere wa yaran makarantar garin Elkhart, inda iyayensa suka zauna.

Tseren da ya shahara da shi na mil guda ne, watau mita 1,609. Mutum mai lafiya in yana tafiya kasuwa ya kan ci mil guda cikin kamar minti ashirin. Cikin 1930, yana ɗan makarantar sakandare, Glenn ya yi gudun mil cikin minti 4 da sakan 24.7. Ya shiga Jami'ar Kansas. Cikin 1932 ƙasarsa ta aike shi wasannin Olamfik a Los Angeles, ya zo na huɗu a tseren mita 1,500. Sa'an nan ran 16 ga Yuni, 1934, a garin Princeton, ya yi mil cikin minti 4 da sakan 6.8. A ran nan duk duniya babu wanda aka taɓa auna gudunsa na mil ya kai wannan sauri, aka kuwa yi shekara uku kafin wani ya wuce shi. Ƙafafun da aka so a yanke su ne suka yi wannan.

Amma kada ka zaci tabon ya rabu da shi. Jini ba ya gudana sosai cikin ƙafafun nan, saboda haka kafin kowane tsere sai ya daɗe yana murza su, yana motsa jiki a hankali, fiye da abokan tserensa duka. In ana sanyi wahalarsa ta kan ƙaru. Kada kuma ka zaci kullum shi ne kan gaba. Cikin 1936, a Olamfik na Berlin ta ƙasar Jamus, ya yi gudun mita 1,500 da saurin da ya wuce na dukan waɗanda suka riga shi a duniya, duk da haka Jack Lovelock, mutumin New Zealand, ya riga shi isa. Glenn ya zo na biyu. Bai taɓa samun lambar zinariya ta Olamfik ba. Ya yi marmarin ya ci mil kafin minti huɗu su cika, bai samu ba, sai Roger Bannister na Ingila ya yi haka cikin 1954. Glenn ya karɓi abin da Allah ya ba shi, ya ci gaba da karatu har ya sami digirin dakta a Jami'ar New York, ya bar tsere cikin 1940.

Mutumin nan mai bangaskiya ne. Ayar da ya fi ƙauna cikin Littafi Mai Tsarki tana cikin littafin annabi Ishaya, sura 40, aya 31, inda a ke maganar ƙarfin da Allah ke ba masu jiransa. Ka buɗe ka karanta da kanka, ko ka roƙi wani ya karanta maka, za ka gane dalilin da ya sa yaron da ya yi shekara biyu a kwance ya riƙe ta. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ya kan gargaɗi samari a kansu.

Abin da ya yi bayan tsere ya fi tseren girma. Bayan ya koyar a wata kwaleji a jihar Iowa, ya kuma yi aikin sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi da matarsa Ruth suka buɗe gonarsu ta kiwo a Kansas ga yaran da ba su da mai riƙo: marayu, da waɗanda aka wulakanta a gida, da waɗanda suka kangare. Ya kan ba yaro dabba ya yi kiwonta, domin ya koyi tausayi da riƙon amana. Ya kan zaga garuruwa yana jawabi, kuɗin da aka ba shi ya ciyar da su. Shekaru masu yawa suna wannan aiki, dubban yara suka ratsa gidan, dukiyarsa ta ƙare a kansu. Ya rasu ran 10 ga Maris, 1988, a jihar Arkansas, yana da shekara 78.

To, ɗan'uwa, mene ne naka a cikin labarin nan? Manzo Bulus ya kamanta zaman mai bi da tsere cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 9, haka kuma wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 12. Ran da ka ba da gaskiya ka shiga fagen. Amma mai gudu ya kan ji rauni. Wani ya soma da murna, sa'an nan tsohon hali ya komo masa: fushi, ko ƙarya a ciniki, ko zina, ko zuwa wurin boka da dare sa'ad da ɗansa ba shi da lafiya. Wani kuwa ba laifinsa ba ne, 'yan'uwansa ne suka juya masa baya, ko mutuwa ta shiga gidansa, zuciyarsa ta karye. Ko wane iri ne naka, Shaiɗan zai zo ya raɗa maka cewa ka gama yawo, kunya ma ta ishe ka, gara ka bar zuwa sujada. Wannan shawarar yanke ƙafa ce. Kada ka karɓe ta.

Ka tuna da Bitrus. Sau uku ya yi musun sanin Ubangijinsa cikin dare guda, ya fita ya yi kuka mai zafi. Bayan tashin Yesu daga matattu, Ubangiji ya neme shi a bakin tekun Galili, ya komo da shi, ya danƙa masa kiwon garkensa. Labarin yana cikin Yohanna sura 21. Ka tuna da Markus, wanda ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya ya koma gida, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Daga baya Bulus da kansa, yana kurkuku, ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani gare shi. Waɗannan duka sun faɗi, sun kuma tashi.

Ga yadda a ke komowa. Da fari, ka nuna ciwon. Raunin da aka rufe da tsumma shi ne ke ruɓa. Ka faɗa wa Allah zunubinka da sunansa, ka tuba, gama jinin Yesu ya isa ya wanke shi. In ka cuci wani, tafi ka biya shi hakkinsa.

Na biyu, ka yarda a taɓa ka. Glenn bai warkar da kansa shi kaɗai ba, hannun uwarsa ne ya yi aikin, da zafi kuwa. Kai ma ka nemi dattijo cikin masu bi, mai riƙon asiri, ka bar shi ya tsauta maka, ya yi addu'a tare da kai. Ka san wanda ya karye, in ya hana maɗori taɓa shi saboda zafi, ƙashin a karkace ya ke haɗewa.

Na uku, kada ka yi gaggawa. Wanda aka kwance wa ɗori yau ba ya shiga langa gobe, in ya shiga karayar za ta komo. Soma da kaɗan: addu'a da safe kafin ka ɗauki fartanya, 'yan ayoyi kaɗan, zuwa taron masu bi ran Lahadi ko da a baya za ka zauna. Kada ka nemi tsayawa gaban jama'a tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, ka san inda tabonka ya ke. Glenn ya zama gwanin duniya, amma har ya bar tsere bai daina shirya ƙafafunsa kafin gudu ba, domin ya san rauninsu. In giya ce ta kā da kai, kada ka bi ta ƙofar gidan da a ke sayar da ita kana cewa yanzu ka yi ƙarfi. In fushi ne, ka roƙi Allah ya tsare bakinka tun kafin ka shiga kasuwa.

Daga ƙarshe, in Allah ya tashe ka, ka duba wanda ke kwance. Mutumin da ya sha zafin ƙuna shi ya buɗe gidansa ga yaran da duniya ta ƙone. Wataƙila a ƙauyenku akwai wanda kuka soma tare, yanzu watanni ke nan ba a gan shi wurin sujada ba. Kada ka yi da shi a bayan idonsa. Tafi gidansa ka gaishe shi, ka zauna tare da shi.

Akwai bambanci guda tsakanin tseren Glenn da namu. A Berlin mutum guda kaɗai aka ba zinariya. Cikin tseren bangaskiya ba a tambayar wanda ya riga isa, duk wanda ya jimre har ƙarshe Ubangiji zai karɓe shi, ko da yana ɗingishi ya iso. Ba kuwa da ƙarfin kanka za ka yi ba, Ruhu Mai Tsarki shi ne mai taimakonka.

Ya mai karatu, in kana kwance yau, kada ka jira sai ka ji ƙarfi. Durƙusa inda ka ke, ka faɗa wa Yesu abin da ya same ka, ka roƙe shi ya kama hannunka. Sa'an nan ran Lahadi mai zuwa ka tashi ka tafi wurin 'yan'uwa. Allah ya ba ka ikon yin haka. Amin.