Mary Lou Williams (1910–1981): Makaɗiyar da Ta Miƙa Sana'arta ga Allah

A wannan fitowa muna kawo muku tarihin Mary Lou Williams, baƙar fatar Amurka, gwanar kaɗa fiyano kuma mai tsara waƙoƙi, wadda ta taɓa zaton cewa sai ta bar sana'arta kafin ta sami Allah.

An haife ta ranar 8 ga Mayu, 1910, a birnin Atlanta, ta girma a Pittsburgh cikin gidan talakawa mai 'ya'ya da yawa. Tun tana da wajen shekara 6 take kaɗa fiyano a gidajen biki, abin da ta samu kuma yana taimakon iyalin. Daga 1929 zuwa 1942 ta yi aiki da ƙungiyar makaɗan Andy Kirk, wadda ta yi suna a birnin Kansas. A nan ta shahara a kiɗan jaz, wato kiɗan da baƙaƙen Amurka suka ƙirƙiro. Manyan shugabannin makaɗa irin su Benny Goodman da Duke Ellington sun kaɗa abin da ta tsara. Da ta koma New York, gidanta a unguwar Harlem ya zama matattarar matasan makaɗa, cikinsu har da Thelonious Monk da Dizzy Gillespie.

A 1952 ta tafi Ingila, daga can ta wuce Faransa. Wani dare a 1954, tana cikin wasa a Paris, sai ta tashi daga kan fiyano ta fita. Gajiya da damuwar zuciya sun yi mata yawa, ga kuma baƙin cikin ganin yadda giya da miyagun ƙwayoyi suke cinye abokan sana'arta. Ta koma New York, ta daina wasa a fili kusan shekara 3. Ta riƙa zuwa cocin Maryamu ta Lourdes a Harlem, domin ta same shi a buɗe, tana shafe sa'o'i cikin addu'a. A 1957 ta karɓi baftisma a Ikilisiyar Katolika tare da ƙawarta Lorraine, matar Dizzy Gillespie.

A lokacin tana ganin kiɗa a matsayin hanyar da ta kai mutane da yawa ga halaka. Amma Fada Anthony Woods, ɗan ƙungiyar Jesuit wanda ya koya mata katikizim, ya nuna mata cewa gwanintarta amana ce daga Allah, kuma da ita za ta yi wa mutane hidima. A shekarar da aka yi mata baftisma ta koma fagen wasa, a bikin jaz na Newport.

Ta dawo da sabuwar manufa. Ta kafa gidauniyar Bel Canto domin ceto makaɗan da shaye-shaye ya kama, ta buɗe shagon sayar da kayan gwanjo don ta sami kuɗin aikin, wasu marasa lafiyar ma a gidanta ta yi jinyarsu. Ta kuma tsaya da ƙafafunta: tana da kamfanin faifai nata, Mary Records, da kamfanin mallakar waƙoƙinta mai ɗauke da sunan Waliyya Sisiliya, majiɓinciyar mawaƙa. Wannan ya ba ta 'yancin fitar da waƙoƙin ibada, ko da ba su kawo riba mai yawa ba.

A 1962 Paparoma Yohanna na 23 ya sa Martin de Porres, ɗan ƙasar Peru wanda mahaifiyarsa 'yantacciyar baiwa ce, cikin jerin waliyyai. A wannan shekara ta tsara waƙa domin girmama shi. Bayan Majalisar Vatican ta Biyu ta buɗe ƙofa ga kiɗan al'ummai a cikin sujada, ta rubuta kiɗan Misa har guda 3. Ta ukun, wadda aka fi sani da Misar Mary Lou, an rera ta a babban cocin Waliyyi Patrick na New York a 1975, wuri ya cika maƙil. Daga 1977 ta koyar a Jami'ar Duke, har ciwon daji ya ɗauke ta ranar 28 ga Mayu, 1981, tana da shekara 71. An binne ta a maƙabartar Katolika ta Calvary a Pittsburgh.

Ƙofar da Majalisar ta buɗe mata ita ce ta shigo da ganga da waƙoƙin harsunanmu cikin Misa a nan ƙasarmu. Saboda haka muna roƙon iyaye kada su raina yaron da yake da hannu a kiɗa, muna kuma roƙon ikilisiyoyinmu su jawo makaɗan da suka kauce, kamar yadda Fada Woods ya yi. Ku 'yan kwaya, ku tuna da misalin talanti a Matiyu sura 25, inda aka hukunta bawan da ya binne nasa. Allah ya jiƙanta, ya ba ta hutu na har abada. Amin.